Tasha ta 10: abin da ya sa kiɗan ganga ke komawa fiyano a fayil ɗin MIDI

Mai haɗa kiɗa zai tsara bugun ganga a kwamfutarsa, ya fitar da shi a matsayin fayil ɗin MIDI, ya aika wa wani situdiyo. Da aka buɗe a can, sai a ji fiyano yana ta maimaita amo ɗaya. Fayil ɗin bai lalace ba. Matsalar tana cikin yadda MIDI yake aiki, kuma gyaranta ba ya ɗaukar lokaci ga wanda ya san inda zai duba.

MIDI ba ya ɗauke da sauti ko kaɗan. Umarni ne zalla: a danna maɓalli mai lamba kaza, da ƙarfi kaza, a sake shi a lokaci kaza. An fitar da ƙa'idarsa a 1983, bisa jagorancin Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na Roland a Japan, domin na'urorin kamfanoni daban-daban su fahimci juna. Maɓallan suna da lambobi daga 0 zuwa 127, umarnin kuma yana bi ta tashoshi 16. Wane sauti zai fito, wannan ya rage ga na'urar da ta karɓi saƙon.

A 1991 masana'antun Amurka da Japan suka amince da ƙarin ƙa'ida mai suna General MIDI. Ita ta jera kayan kiɗa 128, fiyano a lamba ta 1, sannan ta keɓe tasha ta 10 ga ganguna. A sauran tashoshin, lambar maɓalli tana nufin kaurin amo ko sirantakarsa. A tasha ta 10 kuwa, kowace lamba daga 35 zuwa 81 abin bugu ne daban, guda 47. Lamba 36 ita ce babbar gangar da ake takawa da ƙafa, 38 ƙaramar ganga mai wayoyi a ƙarƙashinta, 42 faya-fayan ƙarfe biyu a rufe, 46 su ɗin a buɗe, 62 zuwa 64 kuma konga. Saboda haka duk bugun da ya sauka a tasha ta 1 ba tare da an zaɓa masa kayan kiɗa ba, fiyano zai karanta shi.

Gyaran farko shi ne a mayar da layin gangar tasha ta 10 kafin a fitar da fayil ɗin. Akwai tarko a nan. A cikin fayil ɗin ana ƙirga tashoshi ne daga 0 zuwa 15, don haka wasu manhajoji, musamman na masu rubuta shirye-shiryen kwamfuta, suna nuna tashar ganga a matsayin 9. Wanda ya rubuta 10 a irin wannan wuri ya tura gangarsa tasha ta 11.

Gyara na biyu ya fi cin rai, wato lambobin maɓallan. A FL Studio, wadda matasa da yawa suka fara koyon haɗa kiɗa da ita, kowane bugu da aka danna a akwatunan jera kiɗa yana fita ne a kan maɓalli na 60, ko da wace ganga aka ɗora. Idan aka kwashe su duka zuwa tasha ta 10, abin da za a ji shi ne ƙaramin bongo kaɗai, domin shi ne mai lamba 60. Dole a matsar da kowane layi zuwa lambarsa. Manhajar tana da umarnin shirya aiki domin fitar da MIDI, amma yana maye gurbin kayan kiɗan da ke cikin aikin, don haka a ajiye kwafi kafin a taɓa shi. Kada kuma a dogara da sunan maɓalli: lamba 36 sunanta C1 a na'urorin Yamaha da Ableton Live, C3 a FL Studio. Lambar ce ba ta canzawa.

Wani lokaci laifin na mai karɓa ne. Idan aka ja fayil ɗin aka ɗora a kan layin da ke da fiyano, manhajar za ta yi watsi da batun tasha ta buga abin da ke gabanta. Sai an ɗora masa jerin ganguna, an kuma tabbatar cewa jerin yana bin lambobin General MIDI. Fayil nau'i na 0 yana haɗe komai a layi guda, nau'i na 1 kuma yana barin kowane layi daban, wanda ya fi sauƙin gyara. Tsarin XG na Yamaha, na 1994, da General MIDI 2 na 1999 suna ba da damar sa ganga a wata tasha ban da ta 10, sai dai na'urar da ba ta san su ba za ta mayar da gangar ta biyu fiyano ko wani abin daban.

Akwai abin da ƙa'idar ba ta tanada ba. A cikin 47 ɗin akwai agogo, wanda asalinsa na Yarabawa ne, ya kuma shahara a kiɗan Brazil, amma babu kalangu, babu kotso. Kalangu ma ba zai zauna daidai a tasha ta 10 ba, domin maganarsa tana cikin matse tsarkiya da sassauta ta, amon yana hawa yana sauka, alhali tashar ta ɗauka kowace ganga amo ɗaya gare ta. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a ba shi tasharsa ta kansa, a ɗora sautin kalangun da aka naɗa, a yi amfani da umarnin lanƙwasa amo. Mai karɓa ba shi da wannan sautin a na'urarsa, don haka a haɗa masa da fayil ɗin WAV na kalangun, da takardar da ke nuna lambar kowane bugu da saurin kiɗan.