Hanyar Yuraniyom: Tarihin Wata Guba Marar Ƙara

A daren 26 ga Afrilu na 1986 tukunya ta huɗu ta tashar nukiliya ta Carnobil, a cikin tsohuwar Tarayyar Sobiyet, ta fashe. Aka kwashe mutanen garin Pripyat kusan 49,000, aka killace duk ƙasar da ke kewaye har tsawon kilomita 30. Tun daga wannan rana, da an ambaci haɗarin nukiliya sai hankali ya tafi ga fashewa da gobara. Amma Nijar, wadda ba ta taɓa mallakar tashar nukiliya ba, ta san wannan haɗari ta wata fuska dabam, wato ta ƙura da ruwan sha da gangunan da aka yi ta ratsa garuruwanta da su.

Faransawa ne suka gano ma'adinin yuraniyom a Azelik a 1957. Kamfanin Somaïr ya soma haƙa a Arlit a 1971, Cominak kuma a Akuta a 1978. Don fitar da wannan arziki aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit a ƙarshen shekarun 1970, aka kira ta Hanyar Yuraniyom. A da, manyan motoci kan ɗauko garin ma'adinin, mai launin rawaya, cikin gangunan ƙarfe, su biyo Agadas da Tawa, su ratsa Badagishiri ta ƙasar Illela, su faɗo babbar hanya a Tsarnawa, su shiga Birnin Ƙonni. Daga nan sai Dogonduci da Doso da Gaya, har Paraku ta ƙasar Benin, inda jirgin ƙasa ke kai kayan tashar ruwa ta Kwatano, a nufi Faransa da su. Ke nan, shekaru fiye da arba'in abincin tashoshin lantarkin Turai yana gilmawa ta gaban masu albasa da masu tuyar ƙosai na bakin titin Ƙonni.

Muddin ganga tana rufe, haɗarin wannan gari kaɗan ne. Illar tana zuwa ne idan ya zube, iska ta ɗebe shi, mutum ya shaƙa ko ya haɗiye, domin yana lahanta ƙoda, tururinsa kuma yana iya jawo ciwon daji bayan shekaru. Ba shi da wari, ba ya ƙona fata nan take, ido kuma ba ya ganin tururin, sai na'ura. A watan Janairu na 2004 wata mota mai ɗauke da shi ta yi haɗari a yankin Doso, garin ya watsu a ƙasa. Bayan wata guda, awon da cibiyar Criirad ta Faransa ta bayyana ya nuna wurin bai tsarkaka ba. Hanyar da irin waɗannan motoci kan biyo ita ce wadda ta ratsa Ƙonni.

Can a tushen hanyar al'amarin ya fi muni. Almustafa Alhasan, ma'aikacin mahaƙar, ya kafa ƙungiyar Aghir In'man saboda yawan mace-macen abokan aikinsa. Shi ne ya gayyato masanan Criirad a Disamba na 2003. An karɓe musu manyan na'urorinsu a filin jirgin sama na Yamai, amma duk da haka suka gano gurɓatattun ƙarafa na mahaƙar ana sayar da su a kasuwar Arlit, maƙera da magina suna aiki da su. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna wani titi na Akokan ta sami tururi ninki 500 na yadda aka saba, kuma cikin samfur biyar na ruwa, huɗu sun zarce iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya.

Batun tsofaffin ƙarafa ba abin rainawa ba ne. A 1987, a birnin Goyaniya na Barazil, 'yan gwangwan suka fasa wata na'urar asibiti da aka yasar, suka raba ƙyalƙyalin garin da ke cikinta ga dangi da maƙwabta. Mutum huɗu suka rasu, 249 suka gurɓata, aka auna fiye da 100,000. Babu fashewa, babu hayaƙi; rashin sani kawai.

An rufe Cominak a 31 ga Maris na 2021, ya bar tarin sharar ma'adini kusan tan miliyan 20 a gefen Akokan. Rufe iyakar Benin a 2023 ya katse jigilar Kwatano, kuma a Yunin 2025 gwamnatin Nijar ta mayar da Somaïr mallakar ƙasa. Sai dai shara ba ta san canjin mai gida ba: radiyom da ke cikinta yana ɗaukar shekara 1,600 kafin rabin ƙarfinsa ya ragu, alhali daular Usmaniyya ta Sakkwato ba ta cika ƙarni ɗaya ba kafin Turawa su ci ta.

Ma'adinin yana nan a ƙasar Ayar, kuma duk ranar da za a fitar da shi, ta kan wata hanya zai bi. Abin da tarihin Doso da Arlit ya bar wa garuruwan bakin kwalta, daga Tsarnawa zuwa Ƙonni, shi ne haƙƙin su san abin da ke cikin motar da ta tsaya a tasharsu, da kuma wanda zai zo da na'urar awo ranar da ganga ta fashe.