Dokar Neman Bayani da Shari'o'in Masu Riƙon Rassan Gidan Waya a Birtaniya

Gabatarwa

Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da sama da mutum 900 gaban kotu a Birtaniya bisa zargin sata, zamba ko murɗa lissafi, yawancinsu masu riƙon ƙananan rassan gidan waya a ƙauyuka da unguwanni. Hujjar da aka dogara da ita giɓin kuɗi ne da manhajar Horizon ta kamfanin Fujitsu ke nunawa, alhali manhajar ce ke da lahani. Wannan nazari ya duba rawar da buƙatun neman bayani suka taka wajen tona asirin lamarin, da kuma inda ƙarfinsu ya tsaya.

Yadda aka rufe ƙofa

Abubuwa uku suka haɗu wa waɗannan mutane. Na farko, hukumar gidan waya ta dage cewa kwantiraginsu ya ɗora musu biyan giɓin da ya bayyana a reshensu. Na biyu, a Ingila da Wales hukumar gidan waya ita ce mai ƙorafi, ita ce mai bincike, ita ce kuma mai gabatar da ƙara. Kusan shari'o'i 700 da kanta ta shigar da su. Na uku, kotunan ƙasar na ɗaukar cewa kwamfuta tana aiki daidai har sai an nuna akasin haka, ga shi kuma bayanan da za su nuna hakan duk suna hannun mai ƙara.

Da yawa daga cikinsu sun shaida cewa in suka kira lambar neman taimako, sai a ce musu su kaɗai ke da wannan matsala. Seema Misra, mai reshen West Byfleet, an yanke mata ɗaurin wata 15 a 2010 tana da juna biyu, kan giɓin kimanin fam 74,000. Mutumin da aka gamsar cewa shi kaɗai ne, kansa zai fara zargi kafin ya zargi na'ura. Saboda haka adadin shari'o'in shi ne sirri mafi tsada: da an san ɗaruruwa ne, da kowane alƙali ya tsaya ya yi tambaya.

Abin da dokar ta tono

Dokar 'yancin samun bayanai ta 2000 ta fara aiki sosai a Janairun 2005. Ta ba kowa damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi bayanin da ke ajiye, a amsa masa cikin ranakun aiki 20. Da yake gidan waya mallakar gwamnati ne gaba ɗaya, dokar ta hau kansa. 'Yan jarida da masu fafutuka sun yi ta tambayoyi masu sauƙi: mutum nawa aka gurfanar, a wace shekara, nawa aka samu da laifi? Ɗan jarida Nick Wallis na cikin waɗanda suka nace, kuma a 2020 hukumar ta amsa cewa tana sake duba shari'o'i kusan 900.

Misali mafi ƙarfi ya zo a Mayun 2023. 'Yar fafutuka Eleanor Shaikh ta nemi takardun aikin masu binciken hukumar, sai aka ba ta wata takarda da ke umartar su da su rarraba waɗanda ake tuhuma gwargwadon launin fata, har da kalmar ƙasƙanci ta zamanin mulkin mallaka ga baƙar fata. Hukumar ta nemi afuwa. Wani abin girgiza kuma shi ne, ba a miƙa wannan takarda ga kwamitin Sir Wyn Williams mai binciken lamarin Horizon ba, duk da ikon da doka ta ba shi na tilasta kawo takardu. Da aka bi sawun dalilin haka, sai aka tarar da dubban takardu da ba a miƙa ba, har aka ɗage sauraron wasu shaidu. Wasiƙar mace ɗaya ta fito da abin da ya kuɓuce wa kwamiti mai tarin lauyoyi.

Inda ƙarfinta ya tsaya

Duk da haka, dokar ba ita ta karya lagon hukumar ba. Tana bai wa mutum abin da aka rubuta aka ajiye ne kawai, kuma wanda ake tuhuma da ɓoyewa shi ne mai laluben. Hukuma irin ta gidan waya na iya ƙin amsawa in kuɗin laluben ya wuce fam 450, ko ta fake da sirrin lauya da wanda yake karewa. Shawarar da lauya Simon Clarke ya rubuta a 2013, inda ya gargaɗi hukumar cewa ƙwararren shaidanta daga Fujitsu bai bayyana wa kotuna kurakuran da ya sani ba, ta kwana shekara bakwai a ɓoye. A kotun ɗaukaka ƙara ta fito a 2020.

Manyan nasarorin a zauren shari'a aka same su. Masu riƙon rassa 555 ƙarƙashin jagorancin Alan Bates suka kai hukumar ƙara, a 2019 Mai shari'a Fraser ya tabbatar Horizon na da kurakuran da ke iya haifar da giɓi. A Afrilun 2021 aka soke hukuncin mutum 39, sannan a Mayun 2024 majalisa ta yi dokar da ta wanke ɗaruruwa a lokaci guda. Aikin buƙatun neman bayani shi ne ciyar da wannan gwagwarmaya da alƙaluma, da gwada abin da hukumar ta faɗa jiya da wanda take faɗa yau.

Kammalawa

Rahoton farko na kwamitin Williams a Yulin 2025 ya nuna akwai yiwuwar aƙalla mutum 13 sun kashe kansu sanadin wannan zalunci. Bayanin da zai iya hana haka yana nan a ajiye tun farko. Duk hukumar da aka ba ikon gurfanar da mutane, wajibi ne doka ta tilasta mata wallafa adadin shari'o'inta da irin hujjar da ta dogara da ita kowace shekara, ba sai an roƙe ta ba, kuma a raba mai ƙorafi da mai gabatar da ƙara.