Asalin "Did" da Yadda Ta Iso Koira Kano

Baƙon da ya ji sunan Koira Kano, wannan unguwa ta masu hali a birnin Yamai, yakan zaci ta sami laƙabinta daga Kanon Dabo, alhali kuwa lafazin na Zabarmanci ne, ma'anarsa gari mai daɗi. To, a makarantun wannan unguwa, kamar sauran na ƙasar Nijar, yaro ba ya haɗuwa da Ingilishi sai ya shiga koleji, bayan harshensa ya riga ya faɗa da Faransanci, kuma a nan ne yake cin karo da wata ƴar kalma mai haruffa uku wadda ta sha jawo wa ɗalibai jan biro, wato did.

Ƙa'idar dai ba ta da tsawo. Idan Bature zai yi tambaya ko korewa game da abin da ya shuɗe, sai ya ɗora wa did nauyin lokaci, ya bar fi'ili tsirara, ya ce did he go, ko he did not go. Ɗalibinmu kuwa, da yake ya sha wahala kafin ya haddace went, ba ya son rabuwa da ita, sai ya rubuta did he went, ya yi wa jimla ɗaya lodi biyu.

Abin da ba a cika gaya masa ba shi ne, wannan ƙa'ida ita kanta baƙuwa ce a gidan masu harshen. Mutanen Ingila na dauri, in za su kore magana, sai su sa kalmar ne gaban fi'ili, daga baya suka ƙara not a bayansa, suka kewaye shi gaba da baya, tamkar yadda Faransawa ke yi da ne da pas, mu kuma muke cewa ba su tafi ba. Tambaya kuwa juya kalmomi kawai suke yi, su ce went he. Sai wajen ƙarni na 13 do, wadda did ta fito daga gare ta, ta fara leƙowa cikin rubuce-rubucen kudu maso yammacin Ingila, kuma har yau malaman lugga suna saɓani a kan asalinta: wasu sun ce aro ce daga harsunan maƙwabta irin na Welsh, wasu sun ce daga cikin gida ta tsiro. Wani malami ɗan ƙasar Suwidin, Alvar Ellegård, wanda ya yi haƙurin ƙidaya jimloli cikin tsofaffin littattafai ya wallafa sakamakon a 1953, ya nuna cewa cikin ƙarni na 16 ta yi ƙarfi, ta fara cin tambaya kafin ta ci korewa, ba ta kuwa zauna daram ba sai wajen 1700. Shi kansa Shakespeare, wanda ake yi wa kallon limamin fasaharsu, duka hanyoyin biyu ya bi, ba wanda ya kama shi da lahani.

Zuwan did Yamai ya yi jinkiri, domin tun da aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, Faransanci ne harshen lakwal da ofis, Ingilishi sai dai abin da fatake suka tsinto a Kano ko Gwalkwas. A 1962 matasan Amurka na Peace Corps suka fara isowa, aikinsu na farko kuwa koyar da Ingilishi ne, ƙungiyar ta ci gaba da aiki har 2011. Sannan a watan Maris na 2025 hukuma ta ayyana Hausa harshen ƙasa, ta ajiye Ingilishi kafaɗa da kafaɗa da Faransanci a matsayin harsunan aiki.

Roƙona ga malaman Koira Kano, kafin su ja jan biro a kan did he went, su tuna wa yaro cewa shi ma yakan ce bai yi barci ba, "yi" ta tsaya a gaba, barci yana nan yadda yake.