Labarin Aureol, Farin Jirgin Ikko

Mu mutanen Kano tsakaninmu da teku wajen mil 700 ne ta hanyar jirgin ƙasa, saboda haka yaron Dakata ya iya girma har ya yi furfura bai taɓa ganin ruwan da ya fi na Calawa faɗi ba. Amma duk da haka tarihin garinmu a haɗe yake da jiragen ruwa. Tun da dogo ya iso Kano cikin 1911, gyaɗarmu da fatunmu bakin teku suka riƙa nufa, malamanmu da suka tafi ƙaro ilmi Ingila kuwa, da yawansu ta ruwa suka bi. To, yau za mu ba ku labarin jirgin da ya fi duk 'yan'uwansa suna a wannan hanya, watau Aureol.

Kamfanin Elder Dempster na birnin Libaful shi ke da jiragen da ke ɗaukar fasinja da wasiƙu tsakanin Ingila da Afirka ta Yamma. Yaƙin Hitila ya yi masa mummunar ɓarna. Cikin 1940 Jamus suka nutsar da jirginsa Accra, shekarar ba ta ƙare ba suka sako wa Apapa bom daga sama. Cikin 1941 Adda ya bi su. Mafi muni shi ne na Abosso, wanda jirgin ƙarƙashin ruwa ya harba cikin watan Oktoba na 1942, mutum 362 suka halaka, 31 kaɗai suka tsira. Ko da aka ƙare yaƙi, sai kamfani ya ga ba makawa ya sake sabon lale. Aka ƙera masa sabon Accra cikin 1947, da sabon Apapa cikin 1948. Na ukunsu kuwa aka ƙara masa girma da ado, aka ba maƙeran Alexander Stephen aikinsa a bakin kogin Clyde, a Gilasgo.

Ran 28 ga watan Maris, 1951, aka tura shi ruwa. Aka raɗa masa sunan wani dutse da ke bisa birnin Firitawun na Saliyo, dutsen nan da kwalejin Fourah Bay take a kansa yanzu. Cikin Nuwamba na wannan shekara ya tashi daga Libaful, tafiyarsa ta farko zuwa Ikko.

Tsawonsa ƙafa 537 ne, ya fi filin ƙwallo ɗaya da rabi ke nan. Girmansa tan 14,083. A nan sai ku lura, samari, tan ɗin jirgi ba irin wanda ake auna buhunan gyaɗa da shi ba ne. Wannan awon sarari ne: kowane tan yana nufin wuri daidai da akwati 100, kowane akwati ƙafa ɗaya tsawo, ƙafa ɗaya faɗi, ƙafa ɗaya zurfi. In aka jera shi da Queen Elizabeth na hanyar Amurka, wanda ya haura tan 80,000, sai ya zama kamar maraƙi kusa da giwa. Amma ba don babban tekun can aka yi shi ba, an ƙera shi ne daidai da mashigin Ikko da na Takoradi, kowa kuwa da gwargwadon ƙofarsa yake sayen raƙumi.

Jiragen dā kwal suke ci. A hura wuta, a tafasa ruwa, tururi ya juya inji, ga ma'aikata a ƙasa suna zuba kwal dare da rana cikin zafin da ba ya faɗuwa. Aureol ba haka yake ba, ko da yake yana da bututun hayaƙi kamar su. Injin dizal biyu gare shi, ƙirar Doxford, kowanne na juya farfelarsa, suna tura shi kamar mil 18 a sa'a guda. Wurin da dā za a cika da tukwanen tururi sai ya zama na kaya da na mutane. Accra da Apapa launin toka aka shafa musu, shi kuwa aka shafe shi fari fat, bututunsa rawaya. Ba ado kaɗai ba ne, duk wanda ya sa farar riga da bazara ya san amfanin fari cikin rana.

Yakan bi ta Las Palmas, ya tsaya Firitawun, ya tsaya Takoradi (daga baya Tema), sa'an nan ya sauka Apapa, tafiyar kamar mako biyu. Da yake su uku ne, kowane mako biyu sai ɗayansu ya iso, jirgin ƙasa kuma ya kwashi na Arewa da wasiƙunsu zuwa Kaduna da Zariya da Kano.

Akwai abin da tsarin ɗakunansa ke faɗa wanda bai kamata mu tsallake ba. Ɗakunan daraja ta ɗaya sun ɗauki mutum fiye da 250, na daraja ta biyu 76 kacal. Watau dai an gina shi ne domin Turawan mulki da na kamfani masu zuwa hutu gida, ba domin 'yan ƙasa ba. Ma'aikata baƙaƙe kuwa, nasu aikin wanki da shara da goge inji, albashinsu da makwancinsu ba ɗaya da na Turawa ba. Cikin 1959 ma'aikatan Nijeriya na jirgin Apapa suka ajiye aiki a Libaful saboda wariyar launi, har gwamnati ta sa aka bincika. A wannan shekara aka kafa kamfanin jiragen ruwa na Nijeriya. Bayan samun mulkin kai cikin 1960, ɗalibai da 'yan kasuwa da ma'aikatanmu suka yawaita a ɗakunan nan na sama.

Abin da ya kashe kasuwarsa kuwa, a nan Kano yake sauka. Tun 1925 jiragen sama suka fara dira garin nan, bayan yaƙi kuma Kano ta zama zangon masu ƙetare Sahara daga Landan. Wa zai yi mako biyu a ruwa alhali ga mai kai shi cikin yini guda? Aka rushe Accra cikin 1967, aka sayar da Apapa cikin 1968, Aureol ya saura shi kaɗai. Cikin 1972 aka mai da tasharsa Sautamtin, cikin 1974 aka dakatar da shi.

Wani attajirin Girka, John Latsis, ya saye shi, ya sa masa suna Marianna VI, ya kai shi Jidda ya zama masaukin ma'aikata. Ba mamaki wasu alhazanmu sun hango shi a can ba su san tsohon jirgin Ikko ba ne. Cikin 1989 aka ɗaure shi a ƙasar Girka, ya shekara goma sha biyu yana tsatsa, sa'an nan cikin 2001 aka kai shi Alang ta ƙasar Indiya, maƙera suka yanyanka shi.