Sinimar gida: yadda ake tsara kuɗin lasifikan da ke zagaye falo

Sinimar gida ita ce haɗin talabijin da lasifika da yawa da ake jerawa a kewayen falo, ta yadda sautin fim zai riƙa zuwa wa mai kallo ta gaba, ta gefe da ta baya, kamar yadda ake ji a gidan sinima. Ana samun waɗannan kaya a shagunan lantarki na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, sabbi da na hannu, kuma sun shiga cikin kayan ɗakin amare a gidaje da dama. Sai dai kuɗin da ke rubuce a jikin kwali ba shi ne kuɗin da za a kashe ba. Mai saye zai biya lasifika, ya biya ampili, ya biya waya, ya biya abin da zai kare kayan daga wutar lantarki. Wanda ya zuba duk abin da ya tara a kan lasifika kaɗai, sau da yawa yakan wayi gari da kaya shida masu fitar da sauti iri ɗaya, ko kuma da ampilin da wuta ta ƙona tun bai shekara ba.

Ma'anar lambobin da ke jikin kwali

Lambobi irin su 2.1, 5.1 da 7.1 suna nuna yawan hanyoyin sauti. Lambar farko ita ce yawan lasifikan da ke ɗaukar magana, kiɗa da motsi. Lambar da ke bayan ɗigo ita ce wufa, wato babban akwatin da ke fitar da sauti mai nauyi kamar rugugin tsawa ko bugun ganga. A tsarin 5.1 akwai lasifika ta hagu da ta dama a gaba, da ta tsakiya a ƙarƙashin talabijin, da biyu a gefe zuwa baya, sannan wufa ɗaya. Tsarin 7.1 yana ƙara biyu a bayan kujera. Idan aka ga lamba ta uku, kamar 5.1.2, ana nufin lasifikan da ke kawo sauti daga sama.

Wannan tsari daga gidajen sinima na Amurka ya yaɗu. Fasahar Dolby Digital ta fito fili da fim ɗin Batman Returns a 1992, DTS ta biyo baya da Jurassic Park a 1993, sai Dolby Atmos mai sautin sama a 2012. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta tsara wurin da ya dace da kowace lasifika: na gaba biyu a karkace da digiri 30 daga tsakiya, na baya kuwa tsakanin digiri 100 zuwa 120. Falon da kujerarsa ke manne da bango, babu fili a gefe, ba zai ci amfanin 7.1 ba komai tsadarsa.

Abin da ake kallo shi ke yanke hukunci

Kafin a tambayi farashi, ya kamata maigida ya duba daga ina finafinansa ke zuwa. Lasifika shida ba sa aiki yadda aka tsara su sai in fim ɗin kansa yana ɗauke da hanyoyin sauti shida. Faifan DVD da Blu-ray na asali, da finafinai masu yawa na Netflix, suna da 5.1. Amma galibin finafinan Hausa da na Indiya masu fassara da ake turawa a waya ko a katin ajiya, hanya biyu kawai gare su, hagu da dama. Haka mafi yawan bidiyon YouTube da Facebook. Waƙar da aka tura daga waya ta Bluetooth ita ma hanya biyu ce. Mai dikodar tauraron ɗan adam sai ya shiga saitin sauti ya ga ko akwai zaɓin Dolby Digital.

Akwai fasahar da ke rarraba sautin hanya biyu zuwa lasifika biyar, kamar Dolby Pro Logic II, kuma tana da daɗin ji, amma ba ta kai sautin da aka haɗa da hanyoyi shida tun a ɗakin tace fim ba. Gidan da kallonsa duka labarai ne, wa'azi, ƙwallo da finafinan Kano, zai fi cin riba da 2.1 ko 3.1 mai kyau a kan 5.1 mai arha.

Kashi uku na kayan da ke kasuwa

Na farko shi ne kwali guda mai komai a ciki: wufa da ampili a haɗe, da ƙananan lasifika biyar. Shi ne mafi sauƙin kuɗi, kuma a nan aka fi yin ruɗu. Da yawa daga cikinsu ba su da mashiga sai ramuka biyu, ja da fari, da wurin USB da Bluetooth. Irin wannan sautin hanya biyu yake kwafewa ya watsa wa duk lasifikan. Wanda yake 5.1 na gaske zai kasance da tambarin Dolby Digital ko DTS, da mashigar HDMI ko ta wayar haske. Wani aibin kuma shi ne idan ampilin da ke cikin wufar ya mutu, duk kayan sun tsaya.

Na biyu shi ne sandar sauti, doguwar lasifika da ake ajiyewa a ƙarƙashin talabijin, wani lokaci tare da wufa da ƙananan lasifika biyu na baya. Ba ta cin wuri, ba ta buƙatar waya mai yawa, ta dace da gidan haya da ƙaramin falo. Sai dai ba a iya ƙara mata wata lasifikar daga wani kamfani daban.

Na uku shi ne ampili daban, lasifika daban. Kamfanoni irin su Yamaha, Denon, Onkyo da Sony suna yin ampilin sinimar gida. Wannan ya fi tsada a farko, amma shi ne ke ba da damar saye sannu a hankali, kuma abin da ya lalace shi kaɗai ake canzawa.

Yadda ake raba kuɗin

Ga mai son tsari na uku, ga rabon da zai iya bi. An ɗauki jika 300 ne don sauƙin lissafi. Farashin kowane kaya sai an taka kasuwa an tambaya.

Lasifika uku na gaba: kashi 35 cikin 100, jika 105.
Ampili: kashi 25, jika 75.
Wufa: kashi 15, jika 45.
Lasifika biyu na baya: kashi 10, jika 30.
Kariyar wuta: kashi 10, jika 30.
Waya, maƙalai da ladan mai haɗawa: kashi 5, jika 15.

Na gaba uku ne suka fi cin kuɗi domin su ke ɗauke da mafi yawan aikin. Kusan duk maganar ƴan wasa ta lasifikar tsakiya take fitowa, kuma idan ta yi rauni sai a riƙa jin kiɗa da harbi suna danne magana. Ya fi kyau ukun su zama na kamfani ɗaya kuma jeri ɗaya, don kada murya ta canza launi lokacin da ta ratsa daga hagu zuwa dama. Na baya aikinsu kaɗan ne, ruwan sama, hayaniyar kasuwa, wucewar mota, don haka ƙanana ma sun isa.

Wanda kuɗinsa bai kai ba, ba sai ya jira ya tara duka ba. Yana iya fara sayen ampili mai ɗaukar 5.1 da lasifika biyu masu kyau, bayan wasu watanni ya ƙara ta tsakiya, sannan wufa, na baya su zo a ƙarshe. A kowane mataki kayan suna aiki, kuma babu abin da za a yar.

Batun wat da ruɗin da ke cikinsa

Kwalaye da yawa suna ɗauke da manyan lambobi kamar wat 3000 ko 5000, tare da haruffan PMPO. Wannan ma'auni ba shi da ƙa'ida tsayayya, kowane kamfani yadda ya ga dama yake lissafa shi. Lambar da za a nema ita ce ta RMS, wadda ke nuna ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa tana aiki. Akwai hanya mai sauƙi ta ganewa: a juya bayan na'urar a karanta wutar da take ci. Abin da ke jan wat 60 daga bango ba zai taɓa fitar da wat 3000 ba.

Yawan wat ma ba ya ƙara sauti yadda ake zato. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, kuma sai an ninka shi kusan sau goma kafin kunne ya ji kamar ƙarar ta ninka. Saboda haka biyan ƙarin kuɗi don tashi daga wat 80 zuwa 100 bai da wani amfani a falo mai mita 4 a kan 5. Abin da ya fi muhimmanci shi ne dacewar om. Lasifikan gida yawanci om 4, 6 ko 8 ne. Idan aka haɗa mai om 4 da ampilin da aka yi don om 8, zai riƙa zafi yana kashe kansa, wata rana ya ƙone.

Wutar lantarki, zafi da ƙura

Wutar Nijar tana kan bolt 220. Ta Amurka bolt 120 ce, ta Japan kuma 100. Ampilin hannu da ya fito daga waɗannan ƙasashe yana ƙonewa nan take idan aka jona shi kai tsaye, sai da taransifoma mai rage wuta, kuma kuɗinta ya shiga lissafi. Kayan da suka fito daga Faransa ko sauran ƙasashen Turai ba su da wannan matsala.

Ɗaukewar wuta da dawowarta da ƙarfi, musamman a watannin bazara lokacin da fankoki da na'urorin sanyaya ɗaki suka yi wa layin NIGELEC yawa, su ne manyan masu kashe ampili da wufa. Na'urar daidaita wuta, wato regilater, mai jinkirta kunnawa bayan wuta ta dawo, ita ce kariya ta farko. A haɗa wat ɗin da ke rubuce a bayan talabijin, dikoda, ampili da wufa, a sayi wadda ƙarfinta ya zarce jimillar da rata mai kyau. Lokacin damina, idan hadari ya taso da tsawa, a zare kayan daga bango tare da wayar dish.

Mai amfani da hasken rana shi ma yana da lissafinsa. Kayan sauti masu cin wat 100, idan suka yi awa 4 a dare, sun ci wat-awa 400, wato kilowat-awa 12 a wata. Batirin gubar dalma mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana riƙe wat-awa 1200, kuma rabinsa kawai ya kamata a sha in ana son ya daɗe. Inbata mai arha kuma yakan sa lasifika gurnani, sai an nemi mai fitar da tsabtatacciyar wuta.

A Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. Ampili yana buƙatar fili a samansa da gefensa, kada a kulle shi a cikin kabad ko a ɗora masa dikoda. Lokacin hunturu kuwa ƙura ke toshe ramukan iska, don haka a rufe shi da ƙyalle idan yana kashe, a cire kafin a kunna.

Kuɗin da ake mantawa da su

Lasifikan baya suna buƙatar doguwar waya. A falo mai mita 4 a kan 5, idan wayar za ta bi bango, jimillar duka lasifikan na iya kai mita 25 zuwa 30. Wayar tagulla mai kaurin milimita 1,5 ta wadatar. A kankare bakinta a duba, domin akwai ta alminiyom da aka shafa wa ruwan tagulla. Wayar HDMI mai tsada ba ta ƙara kyan sauti, matsakaiciya ta isa. Abin dubawa shi ne talabijin na da ramin da aka rubuta ARC ko eARC, wanda ke mayar da sauti zuwa ampili ta waya ɗaya. Wanda babu, sai a yi amfani da wayar haske, ita ma tana ɗaukar Dolby Digital 5.1.

Falo mai karo a ƙasa da bangon siminti tsirara yana sa sauti amsa-kuwwa har magana ta dagule. Darduma, labule mai kauri da kujerun kushin suna gyara wannan fiye da ƙarin lasifika.

Mai yin oda daga Turai ya tuna cewa yuro ɗaya sefa 655,957 ne, don haka kayan yuro 200 sun haura jika 131 tun kafin a sa kuɗin dako, na duwan da harajin TVA na kashi 19 cikin 100. Mai sayowa daga Kano, Katsina ko Sakkwato ya lissafa canjin naira na ranar, da kuɗin mota, da wahalar mayar da kaya idan suka ƙi aiki.

Abin yi a shago kafin a biya

Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma tsada ma ba ta tabbatar da inganci sai an gwada. Mai saye ya tafi da fim ɗin da ya sani a USB. Ya sa a kunna sautin gwaji na ampili, wanda ke bin lasifika ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar kowace tana magana ita kaɗai. Ya saurari muryar ƴan wasa da ƙaramar ƙara, domin haka za a fi kallo da dare idan yara da maƙwabta sun kwanta. A kayan hannu, ya duba robar da ke kewaye da bakin lasifika ko ta tsage, ya bar ampili ya yi aƙalla rabin awa yana aiki don ganin ko zai yi zafi ya mutu, ya kuma tabbatar akwai rimot, domin saiti da yawa ba a kai gare su sai da shi. Daga nan ya karɓi faktir mai ɗauke da lambar na'urar da tsawon garanti, ya tambayi mai shago wane mai gyara ne a garin ke da kayan gyaran wannan samfurin.