Daga 'yan bindigar Sarki zuwa 'yan bindigar daji: tarihin bindigar toka da abin da muka kasa gyarawa

Jama'a, wannan rubutun yana da ɗan tsawo, a daure a kai ƙarshe.

Kwanakin nan muhawara ta sake tasowa a kan ko a bar mutanen ƙauye su riƙe makami su kare kansu. Duk lokacin da aka yi wannan maganar, hoton da ake yaɗawa ɗaya ne: mafarauta ko 'yan sa-kai sun jeru, kowa da bindigar toka a kafaɗa da layu a damtse. Wasu su yi ta jinjina, wasu su yi dariya. Ni kuwa tambayar da take zo mini ita ce, yaya aka yi bindigar da duniya ta ajiye fiye da shekara 150 da suka wuce har yau ita ce makamin talakan Arewa? Ina ganin amsar tana wurin ɗuri, wato lokacin da mutum yake ɗauka kafin ya sake harbi na biyu.

Mu fara da sunayen. Bindiga, albarushi da harsashi duk daga Larabci muka aro su, kuma wannan kaɗai ya nuna ta inda abin ya fara shigo mana: ta Sahara da Borno. A ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Borno ya samo bindigogi da Turkawa masu koyar da harbi, kamar yadda limaminsa Ahmad bin Fartuwa ya rubuta. A nan gida, littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kumbari (1731 zuwa 1743) aka riƙa kawo garkuwa da bindigogi daga Nupe, sannan Babba Zaki (1768 zuwa 1776) shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron lafiyarsa. A wancan lokacin idan aka ce "'yan bindiga" ana nufin bayin Sarki amintattu, masu tafiya a gabansa. Ku duba abin da kalmar ta koma nufi a labaran rediyo na yau.

Amma kada a ɗauka bindiga ce take cin yaƙi a lokacin. Baturen nan Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1826 tana yaƙi da Gobirawa. Ya ƙiyasta mutane sun kai dubu hamsin ko fiye, amma bindigogin da ya ƙirga 42 ne kacal. Barth da ya zo Kano a 1851 ya ce ruwan takobi wajen 50,000 ake shigowa da su a shekara daga Solingen ta ƙasar Jamus, bindiga kuwa kaɗan ce a kasuwa, ƙananan ma a asirce fatake suke sayar wa sarakuna da manyan gari. Dalili a fili yake. Bindigar da ake ɗura wa ta baki, ƙwararren soja ma harbi biyu ko uku yake yi a minti ɗaya. Kafin ka zuba albarushi, ka sa harsashi, ka danna da sandar ɗuri, mai doki da mashi ya iso kanka, ɗan baka kuma ya saki kibiya biyar. Idan ruwan sama ya sauka, albarushi ya jiƙe, shi ke nan ta zama sanda. Shi ya sa har yau wasu suke kiranta harba-ka-ruga.

Waɗanda suka ɗauki abin da gaske a maƙwabtanmu su ne Damagarawa. Ayarin da ya taso daga Tarabulus ta Agadas sai ya bi ta Zinder kafin ya sauke kaya a Fagge, wadda tun asali zangon fataken Sahara ce, don haka su ne suke fara zaɓa. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, bai tsaya ga saye ba. Ya sa ana haɗa albarushi a gida, ana zuba igwa ta tagulla a Zinder. Da wannan ƙarfin Ahmadu Kuran Daga ya matsa wa ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1890, zamanin Sarki Alu. Wato maƙeranmu na ƙasar Hausa sun riga sun kama hanyar ƙera makami da kansu tun kafin Bature ya zo.

To me ake ciki a Turai da Amurka a daidai wannan lokacin? Su ma matsalarsu ɗuri ce, sai dai sun bi ta mataki-mataki har suka kashe ta. A 1836 Samuel Colt ya yi rajistar libarba, ƙaramar bindiga mai tulu mai juyawa, wadda ake ɗura wa harbi biyar a lokaci guda. Ta farkon sai an kwance ta, a ɗura da wani ƙarfe na daban da mai ita yake yawo da shi. Cikin 'yan shekaru aka liƙa mata hannun ɗuri a ƙarƙashin hanci, don a danna harsashi ba tare da an kwance komai ba, kuma samfurin 1851 ya bazu a duniya da wannan tsarin. A 1857 kamfanin Smith & Wesson ya fito da libarba mai cin harsashin kwanso, wanda albarushi da dalma suke a haɗe. A 1884 wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya samo albarushin da ba ya hayaƙi, kuma a shekarar ne Hiram Maxim ya nuna bindigarsa mai ɗura wa kanta, mai zubar da ɗaruruwan harsasai a minti. A yau a Amurka libarba mai albarushin toka kayan sha'awa ce. Dattijo ya yi ritaya, ya shiga ɗakin aikinsa ya haɗa ɗan abin ɗuri da katako da ƙarfe, ya je filin harbi ranar Asabar ya yi nishaɗi. Abin da yake wasa a can, a nan shi ne mutum yake tsare gonarsa da iyalinsa da shi.

Ba haka kawai muka tsaya a baya ba, tsayar da mu aka yi. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a yarjejeniyar Brussels, da sunan hana cinikin bayi. A ciki aka hana sayar wa mafi yawan Afirka bindigogin zamani da harsasansu, aka bar ƙofa a buɗe ga tsohuwar bindiga mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Ita ce 'yan Kudu suke kira da sunan mutanen Denmark, saboda fatakensu da suka daɗe suna sayar da ita a gaɓar teku, musamman wajen Ankara ta ƙasar Gana. Bayan shekara 13 aka ga amfanin wannan dokar ga masu ita. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland ya iso ganuwar Kano da sojojin da ba su kai dubu ɗaya ba, da igwa huɗu da Maxim huɗu, Sarki Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato. Birni ya faɗi a rana ɗaya. Makonni kaɗan bayan nan Waziri Ahmadu ya yi shahada a Kwatarkwashi, shi da dawakan da suka yi ta afka wa sojoji 'yan ƙalilan masu bindigar zamani. Jarunta ba ta yi ƙaranci ba a ranar. Saurin ɗuri ne ya raba gardama.

Daga nan sai labarin ya koma hannun maƙera. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari a 1913, kasuwarta ta biyo baya, wadda yau ake kira Kasuwar Muhammad Abubakar Rimi. Tsakanin tashar jirgi, kantunan Turawa, Fagge da Sabon Gari, ƙarfen waje ya cika gari: na sayarwa, da tsofaffin ƙarafan jirgi, daga baya na mota. Masu narka tama a ƙauyuka suka rasa kasuwa, sana'arsu ta mutu a hankali. Maƙeran baƙi kuwa suka samu kayan aiki mai araha, suka ci gaba da garma, fartanya, lauje, wuƙa da linzami, wasu kuma suna gyara bindigar mafarauta har suna ƙera sabuwa. Sai dai babu mai gwada ƙarfen, babu mai auna ƙarfinsa. Shi ya sa a kusan kowace ƙasar mafarauta za ka ji labarin wanda bindiga ta fashe masa a hannu, ya rasa yatsu ko ido.

Dokar da muke aiki da ita har yau ta 1959 ce, wato ta girmi 'yancin kai da shekara guda. Ta kasa bindigogi gida uku. Na farko haramtattu, sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma a nan libarba da duk wata ƙaramar bindiga suke, ko da ta toka ce. Don haka duk wanda ya ga bidiyon Ba'amurke yana haɗa kayan ɗurin libarba ya ce bari ya gwada a gida, ya sani kurkuku yake nema wa kansa. Na biyu irin su bindigar harbin tsuntsu, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku bindigar toka, wadda aka bar wa Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, dokar ta ba Sufeto Janar dama, da amincewar gwamna, ya ba maƙeri izinin ƙera bindigar toka da gyaranta, a kuma riƙe rajistarsu. Ku tambayi kanku maƙera nawa kuka sani masu wannan takardar. Abin da muka saba gani shi ne a kama maƙeri, a baje kayansa a gaban 'yan jarida, bayan wata guda wani ya buɗe maƙera a bayan gari.

Wurin da bindigar toka ta samu mazauni na mutunci shi ne fada. A shekarun da ake hawa, ranar Hawan Nasarawa Sarki yakan biyo ta Sabon Gari da Fagge a hanyar komawa gida, 'yan bindiga suna gaba suna ɗurawa suna saki, hayaƙi ya turnuƙe, yara suna toshe kunne. A Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya. A nan babu harsashi, ƙara ce kawai da kwarjini, kuma an san kowane ɗan bindiga, an san shugabansa, an san inda yake kwana. Tsarin da Babba Zaki ya kafa ya fi na gwamnatinmu ta yau sanin wa yake riƙe da me.

A daji kuwa labarin daban ne. Ɓarayin daji suna riƙe da AK-47 mai cin harsashi 30 a gida ɗaya, ɗan sa-kai yana da harbi ɗaya sannan ya nemi bayan bishiya ya sake ɗuri. Lissafin Kwatarkwashi ne ya dawo, sai dai yanzu duk ɓangarorin biyu 'yan ƙasa ne. A Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga su kare kansu. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a Janairun 2024. Duk wannan amincewa ce cewa jami'an tsaro ba su isa ko'ina ba.

Sannan ga abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a ƙarshen Maris 2025, ana dab da ƙaramar Sallah. Mafarauta 'yan Kano, wasunsu daga Torankawa ta ƙaramar hukumar Bunkure, suna dawowa daga Fatakwal. 'Yan banga suka tare motarsu, suka ga bindigogin toka, aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane, aka kashe 16. Allah ya jiƙansu, ya bi musu haƙƙinsu. Babu takardar da take hana zalunci idan taron jama'a ya haukace, kuma laifin kisan yana wuyan waɗanda suka yi shi. Amma ya kamata mu tambayi kanmu: mafarauci da ya tashi daga Kano ya ratsa jiha shida ko bakwai da makami, wace shaida yake da ita da ɗan sandan Edo ko Kogi zai iya tantancewa a cikin minti biyar?

Ga abin da nake gani, kuma ba sabuwar doka yake buƙata ba, tunda ga ta 1959, ga kuma dokar ƙananan makamai ta 2024 da cibiyar da take ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro.

Na ɗaya, a yi wa maƙeran bindigar toka rajista ta hannun Sarakunan Maƙera da hakimai, a buga wa kowace bindiga lamba. Wanda ya tsallake ya shiga ƙera masu cin harsashin zamani don ɓarayi, a hukunta shi ba sassauci, kuma abokan sana'arsa ne za su fara nuna shi idan suna da abin da za su rasa.

Na biyu, ƙungiyoyin mafarauta su samu katin shaida guda wanda kowace jiha ta sani, da takardar tafiya daga ofishin 'yan sanda kafin a ɗauki makami a bar jiha.

Na uku, masu hannu a cikin maƙeran nan a jawo su. Kamfanin ƙera makamai na DICON yana Kaduna tun 1964, ga kwalejojin fasaha a ko'ina. Yaron da ya iya haɗa kunamar bindiga da guduma da zarto zai iya haɗa kayan gyaran injin ban-ruwa.

Na huɗu, mu daina yaudarar kanmu. Tura mutum da harba-ka-ruga ya tari mai AK ba tsaro ba ne. Tsaron rai aikin gwamnati ne, mafarauci sanin daji ne gudummawarsa.

Wanda yake da kaka maƙeri ko ɗan bindigar fada, don Allah ya ba mu abin da ya ji a gida a ƙasan wannan rubutun, musamman mutanen Zinder da Katsina. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.