Kwalejojin Al'umma a Amurka: Tarihin Darussan Sinadarai da na Haɗa Kwamfutoci

Kwalejin al'umma a Amurka makaranta ce ta gaba da sakandare wadda karatunta yake ɗaukar shekara biyu, kuɗinta bai kai na jami'a ba, kuma galibi takan karɓi duk wanda ya kammala sakandare ba tare da tankaɗe da rairaya ba. Masana suna danganta asalinta da garin Joliet na jihar Illinois, inda a 1901 shugaban sakandaren garin, J. Stanley Brown, da shugaban Jami'ar Chicago, William Rainey Harper, suka buɗe azuzuwan gaba da sakandare da ɗalibai shida. Harper yana cikin masu ganin cewa aikin jami'a bincike ne da zurfafa ilimi, irin yadda ake yi a Jamus, don haka shekaru biyun farko na digiri nauyi ne da ya kamata wata makaranta ta ɗauke mata. Wannan asali ya bar wa kwalejojin wani gado da har yau ba su rabu da shi ba, wato abin da suke koyarwa sau da yawa wani ne daga waje yake tsara shi, kuma darussa biyu, na kimiyyar sinadarai da na haɗa kwamfutoci, sun isa su nuna yadda mai riƙe da linzamin ya sauya cikin ƙarni guda.

Darasin sinadarai yana cikin tsofaffin darussan waɗannan makarantu, domin ɗalibin da yake son zarcewa jami'a ya karanta likitanci ko injiniyanci ko haɗa magunguna ba shi da hanyar kauce masa. Sharaɗin kuwa shi ne jami'a ta amince cewa abin da aka koyar daidai yake da nata, tun daga littafi har zuwa awoyin da aka shafe a ɗakin gwaje-gwaje, in ba haka ba ɗalibi ya maimaita darasin da kuɗinsa. Da yake da yawa daga cikin kwalejojin farko a cikin gine-ginen sakandare suka rayu, kamar wadda aka buɗe a Fresno a 1910 bisa dokar da jihar Kalifoniya ta yi a 1907, ɗakunan gwaje-gwajen sakandare da malamanta aka riƙa ara, abin da ya sa jami'o'i suka daɗe suna yi musu kallon hadarin kaji.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sauya girman lamarin. Dokar 1944 da ta biya wa tsofaffin sojoji kuɗin karatu ta cika azuzuwa, rahoton kwamitin da Shugaba Truman ya naɗa ya ba da shawara a 1947 a shimfiɗa irin waɗannan kwalejoji a faɗin ƙasar domin hidimar garuruwansu, sannan a shekarun 1960 aka riƙa buɗe sabuwa kusan kowane mako. A wannan zamani ne darasin sinadarai ya rabu gida uku. Na masu zarcewa jami'a ya tsaya yadda yake. Na biyu ya taso ne daga aikin Mildred Montag ta Jami'ar Columbia, wadda daga 1952 ta jagoranci gwajin horar da ma'aikatan jinya cikin shekara biyu a kwaleji maimakon makarantun da asibitoci suke gudanarwa, lamarin da ya haifar da buƙatar darasi mai taƙaita sinadarai ga abin da ya shafi jikin ɗan Adam da magani. Na uku shi ne na masu aiki a masana'antu, wanda ya fi ƙarfi a gaɓar tekun jihar Texas, inda matatun mai da kamfanonin sinadarai irin su Dow da ke Freeport suke neman ma'aikacin da ya san auna zafi da matsi da tsabtar abin da ke gudana cikin bututu, ko da bai taɓa zama a ajin jami'a ba.

Ba kowa ne ya yaba da wannan rarrabuwa ba. Masanin zamantakewa Burton Clark, bayan nazarin da ya yi a kwalejin San Jose, ya nuna a 1960 cewa buɗaɗɗiyar ƙofar tana da wani aiki na ɓoye, wato sanyaya gwiwar ɗalibin da ya shigo da burin digiri, ta hanyar jarrabawa da nasihar malamai, har ya haƙura ya koma sashen sana'a. Steven Brint da Jerome Karabel sun ƙara, a littafinsu na 1989, da cewa shugabannin kwalejojin ne da kansu suka matsa wajen karkata ga sana'a, saboda jami'o'i sun riga sun mamaye manyan guraben ilimi, alhali yawancin ɗalibai zarcewa suke so. Akwai gaskiya a wannan suka, ko da yake ta kan manta da magidancin da difloma ta shekara biyu ta fitar da shi daga aikin leburanci.

Darasin haɗa kwamfutoci, wato koyon yadda ake sadar da na'urori ta waya ko ta iska domin su yi musayar bayanai, ya zo ne ta wata ƙofa dabam, domin jami'a ba ta da hannu sosai wajen tsara shi. Tun ƙarshen shekarun 1980 kamfanin Novell ya fara ba da takardar shaidar ƙwarewa ga masu kula da manhajarsa, masu ɗaukar ma'aikata kuma suka soma tambayar takardar kafin su tambayi difloma. A 1997 kamfanin Cisco, mai ƙera na'urorin da suke nuna wa bayanai hanya a intanet, ya kafa shirin koyarwa a makarantu 64 cikin jihohi bakwai, bayan ya lura cewa makarantun da aka haɗa wa kwamfutoci ba su da wanda zai kula da su. Kamfanin ne yake rubuta darussan, yake aiko da su ta intanet tare da jarrabawarsu, kwalejoji kuwa su samar da malami da ɗaki mai na'urori, wasunsu har suka zama cibiyoyin horar da malaman sakandaren da ke kewayensu. Ɗalibi yakan koyi tsarin lambobin adireshi, da haɗa waya, da saita na'ura, da gano inda sadarwa ta yanke, duk domin jarrabawar ƙwarewa ta kamfanin, wato CCNA, da aka ɓullo da ita a 1998. Daga baya shirin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa, har da manyan makarantun Najeriya.

Ribar wannan tsari a bayyane take, domin babu kwamitin malamai da zai iya sabunta darasi da saurin da fasahar take sauyawa, amma kuma kwalejin da jama'a suke biya da harajinsu ta wayi gari tana horar da mutane a kan kayan kamfani guda. Jarrabawar Network+ da ƙungiyar CompTIA ta fitar a 1999, wadda ba ta jingina da na'urar kowa ba, ta ɗan rage wannan damuwa. Sai dai takardar CCNA shekara uku take yi ta mutu sai an sabunta, kuma lokacin da Cisco ya sake fasalin jarrabawar a watan Fabrairun 2020, ya shigar da batun sarrafa na'urori ta hanyar rubuta manhaja, kwalejojin da suke cikin shirin sun bi sahu sun sake tsara darussansu.